Kujerar da Sitiyari Ya Ƙi Mannewa

Shekara goma sha tara rabon Sitiyari da tuƙa mota, amma sunan ya liƙe masa kamar cingam a ƙasan takalmi. Yanzu a gaban wani babban kanti yake aiki. An ba shi riga mai ƙyalli da usur, yana tsayawa bayan motocin mutane yana kaɗa hannu: "Zo, zo, zo, karya hagu, ya isa!" Mutumin da a da yake cusa mota lungun da kyanwa ma sai ta tsaya ta yi shawara, yau shi ke kallon yaran da tawadar lasisinsu ba ta bushe ba suna kokawa da ribas, in sun gama haɗa gumi su leƙo su ce, "Baba, matsa mana, kai ka tare wurin." Sai ya matsa. Dogo ne, irin dogayen da ko sun matsa sai a ga kamar suna nan.

Amma da ƙarfe huɗu ta yi ya koma gida, to mai motoci ne. Talatin da ɗaya gare shi, a jere kan katako uku da ya kafa a bangon ɗan ɗakin da matarsa ta so ya zama sito. Kowacce tsawonta bai wuce tafin hannu ba. A kwali suke zuwa, gutsi-gutsin roba a jikin wani firam kamar ƙayar kifi. Sai a yanko da reza, a goge da sanfefa, a haɗa da gam, a yi fenti. Yawancin masu wannan sha'awa da motar ta yi ƙyalli sun gama. Shi a nan yake farawa. Wayar tsohuwar rediyo yake warwarewa ya yi wa inji jijiyoyi. Yana sa tsatsa a bakin salansa, ya sa ƙura a kwanar gilashin da waifa ba ta kaiwa, ya ɗan cinye gefen tayar gaba kamar ta motar da aka daɗe ba a saita mata ƙafa ba. Yana cewa motar da ba ta da datti ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.

Shagon Tela bango ɗaya ne da ɗakin, taga na kallon taga. Tela kuwa Allah bai halicce shi da birki a baki ba.

"Attajiri! Yau wacce za a fita da ita? Ka rage min hanya zuwa kasuwa mana, ni da keken ɗinkina."

"Ba na ɗaukar mai warin man keke."

"To a dai zuba mata mai, kada ta mutu mana a tsakiyar tebur, a tara mana jama'a."

Matarsa ta daina faɗa tuntuni. Takan tsaya bakin ƙofa da kofin shayi, ta toshe hanci saboda warin tina, ruwan tsinka fenti, ta ce, "Baban yara, motoci talatin da ɗaya, kuma jiya a ƙasa na tako daga asibiti. Allah ya ƙara arziki."

Yakan yi dariya. Kuma da ita da Tela sun san duk talatin da ɗayan nan koyon hannu ne. Mota ɗaya yake son ginawa.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa Manaja, wani mai kamfanin gine-gine, a wata farar mota mai ƙofa huɗu, irin ta da, mai faɗin ƙirji. Ko ƙwarzane bai taɓa yi mata ba. Wata Juma'a da yamma ya shigar da ita gareji, ya rataye makulli a ƙusar kicin kamar kullum, ya tafi gida. Ran Litinin da safe ya zo da bokiti da tsumma, ya tarar ƙofar baya ta dama ta loɓa, a cikin loɓawar ga layin koren fenti, koren ƙarfen get ɗin gidan. Buguwar 'yan koyo ce, ta wanda ya karya kwana tun gindin mota bai fita ba. Ya buɗe ƙofa zai shiga, gwiwarsa ta daki sitiyari. An turo kujerar gaba har ƙarshe. Madubin ciki an sunkuyar da shi. A gidan nan kaf mutum ɗaya ne ƙafarsa ba ta kaiwa totur sai an yi haka: Auta, ɗan Manaja na ƙarshe, ɗan shekara goma sha bakwai, gajere kamar an danna shi, wanda ya yi wata uku yana roƙon a ba shi makulli.

A nan hannun Sitiyari ya riga hankalinsa. Shekara ashirin da biyu yana shiga motar nan, hannun ya san aikinsa: ya kai ƙasa, ya ja ƙarfen, kujera ta koma baya, ƙas. Ya gyara madubi. Sai da ya zauna daram sannan ya gane abin da ya yi. Shaidarsa guda ɗaya a duniya, shi da kansa ya goge ta, kuma da ladabi.

Manaja ya fito yana ɗaura agogo. Ya duba ƙofar, ya duba direbansa zaune a kujerarsa kamar kullum.

"Wa ke tuƙa motar nan?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Wa ya buga ta?"

"Ba ni ba ne, Yallaɓai."

"To get ɗin ne ya taso ya same ta a gareji?"

Auta yana tsaye a matakala da jakar makaranta, yana nazarin igiyar takalminsa. Sitiyari ya dube shi. Yaron da ya fara kaiwa makaranta yana kuka, ya sha share masa majina da hankicinsa. Bakinsa ya ƙi kama sunan a gaban uban. Ya tsaya jiran yaro ya yi magana da kansa. Yaro kuwa ya yi magana. Ya ce, "Baba, zan makara."

Manaja ya miƙo hannu. "Ba buguwar ce ta dame ni ba, mota ƙarfe ce. Ƙaryar ce. Kawo makulli."

Daga nan duk gidan da ya je neman tuƙi sai su tuntuɓi Manaja, shi kuma mutum ne mai adalci, yakan ce, "Direba ne na ƙwarai, sai dai..." Wannan "sai dai" ɗin ita ta raka Sitiyari gida-gida har ta damƙa shi a hannun usur da riga mai ƙyalli.

Matarsa ta faɗa ya fi sau ɗari. "Ka je ka gaya masa da bakinka. Yaron ya girma, ba dukansa za a yi ba."

"Bakin nawa ai shi aka ƙi. Wanda aka ce maƙaryaci ne, in ya koma da magana, ƙarya biyu ke nan. Amma Manaja mai ido ne. Mutumin da muna gudu a titi zai ce min tsaya, bulon can na hawa na uku ya karkace? Ba sai na ce uffan ba. In ajiye masa motar kamar yadda na same ta ran Litinin ɗin nan, kafin hannuna ya yi min shisshigi. Zai ga koren, zai ga kujerar, zai ga madubin. Ya san tsawona, ya san tsawon ɗansa."

"In ya gani sai me? Ya mayar maka da shekarun?"

"Ya ce min, ba kai ba ne. Shi ke nan. In ji da kunnena kafin ɗayanmu ya mutu."

Irin farar motar ba a yi kwalinta ba, don ba mota ce da ake marmari ba. Sai ya samo wasu iri biyu masu kama da ita, ya yanke gaban wannan da bayan waccan da ɗan zarto, ya haɗa, ya cike mahaɗar da fila, kwaɓin toshe rami, ya goge har yatsunsa suka daina jin zafin kofi. Ya roƙi Tela ƙyalle mai ruwan toka na rigar kujera, Tela ya zazzage buhu uku kafin a samu wanda saƙarsa ta yi ƙanƙanta yadda ba za ta zama kamar bargo ba. Ya yi tsagar da ke jikin dashbod, ya yi kwalin tishu na bayan kujera, bai kai ƙwayar wake ba. Loɓawar ƙofa da bayan cokali ya yi ta, yana ɗumama shi a kan kyandir yana dannawa. Ƙofa biyar ya narkar kafin ta shida ta loɓa irin loɓawar da yake gani in ya rufe ido.

Sai kujerar direba. Ya yanko sirara biyu daga gwangwanin madara ya lanƙwasa, ya yi mata layin dogo da allurai, har da ɗan haƙori da ke kamawa. In ka taɓa ta da tsinke sai ta zame gaba, ta zame baya, ta ce ƙas. Sati shida ya yi a kan wannan ƙas ɗin. Ranar da ta yi, ya kira Tela ta taga kamar an yi masa haihuwa.

Tela ya zo da tabarau a karan hanci, ya tura, ya jawo, ya jinjina kai. "Aiki ya yi. To yanzu tura ta gaba ka ɗiga mata gam."

"Gam? A kan wannan?"

"Ba a gaba kake son ya gan ta ba? Manne ta a gaban."

"Kujerar da aka manne ai ba kujerar mota ba ce, benci ne. Sai ya ce dama haka aka ƙera abin wasan. Dole ya ga tana iya komawa baya, amma ga ta a gaba. Nan maganar take."

"Mutumina, ni aljihun da ba na so a sa hannu, ɗinke shi nake yi."

"Shi ya sa kai tela ne."

Bai manne ba.

Saura kore. Get ɗin gidan Manaja an cire shi shekaru da yawa, an sa wani baƙi mai gudu a kan taya, don haka babu inda za a je a duba sai cikin kan Sitiyari. Ya fara haɗawa a murafen kwalba yana jerawa a bakin taga. Wannan ya yi ganye da yawa. Wannan koren kwalba ne. Wannan na allon makaranta ne. Murafe suka cika taga, suka gangaro kan tebur, suka fara neman hanyar kicin.

"Baban yara, kore fa kore ne."

"Wancan kore ne da rana ta ci shekara shida, ruwa ya doke shi, ga jan fenti na ƙasa yana ɗan leƙowa. Manaja ne ya zaɓi fentin da kansa. In na kuskure zai gane."

Ana cikin haka Tela ya jiyo labari wurin wani mai kawo masa ɗinki, ya leƙo ta taga, yau babu wasa a fuskarsa. "Manajan naka fa an ce jiki ya ƙi. Ya daina fita. Ka ɗauki ɗaya cikin korayen nan ka shafa ka kai masa."

"In kai wa mutumin da ya kira ni maƙaryaci koren ƙarya?"

"Wallahi ko tsanwar riga ka shafa ba wanda zai tsaya aunawa."

"Shi zai auna."

Wata goma sha huɗu ya yi yana neman kore. Ƙarshe a jikin wani tsohon baro ya gan shi, a wurin da ake gini kusa da kantin. Ya bar wata mata tana ribas ba mai ce mata ya isa, ya tsallaka titi, ya kankaro ɓawon fentin da farce ya ƙulle a hankici. Kwana uku ya haɗa irinsa. Ya rage wa burushi gashi har saura uku, ya riƙe numfashi, ya ja layi ɗaya a cikin loɓawar. Ya tura kujera gaba, ya sunkuyar da madubi da bakin hantsaki. Ya daɗe yana kallo. Safiyar Litinin ce sak, ba abin da ya rage sai bokiti.

Ran Asabar da hantsi ya sa rigar da matarsa ta goge, ya shimfiɗa auduga a kwalin takalmi, ya hau bas yana rungume da shi, yana harar duk wanda gwiwar hannunsa ta matso.

Auta ne ya tare shi a falo. Ya yi tumbi, gashi ya gudu, shi ne manaja yanzu. Tsawo dai bai ƙaru ba.

"A'a! Baba Sitiyari! Ashe kana nan?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Ba a neme ni ba ne."

Auta ya yi 'yar dariya, ya kai shi ɗakin tsohon. Labule a sauke, kwalaben magani a kan durowa, fanka na juyawa a hankali. Manaja yana jingine da filo uku, ya ƙanƙance kamar an wanke shi ya shige. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon wani wuri tsakanin ƙofa da silin.

"Idon ya tafi," in ji Auta ƙasa-ƙasa. "Sukari ne. Wata biyar ke nan. Da bara ka zo ma da ya gan ka, har jarida yake karantawa."

Bara. Bara war haka motar tana kan tebur a gama, tana jiran layi ɗaya. Sitiyari ya ji kwalin ya yi masa nauyi kamar motar gaske ce a ciki.

"Wane ne?" in ji tsohon.

"Baba, tsohon direbanka ne. Sitiyari."

"Dogo? Kai, dogon banza! Matso in ji ka. Har yanzu kana sunkuyawa a ƙofa?"

"Har yanzu, Yallaɓai. Na kawo maka wani abu ne. Da hannuna na yi."

Ya ɗora masa ita a tafin hannu. Yatsun tsohon suka bi rufin, suka gangara bonet, suka tsaya a fitilu. Fuskarsa ta buɗe. "Farar nan ce! Wallahi ita ce. Ga hancinta." Ya bi gefe, ƙofar gaba, ƙofar baya. Yatsan ya faɗa cikin loɓawar ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa. Layin koren da aka yi wata goma sha huɗu ana nema yana ƙarƙashin babban yatsansa, bai gaya masa komai ba.

Sitiyari ya matso. Saura shaida ɗaya, kuma ita yatsa na iya ji. Ya buɗe 'yar ƙofar direba da farce. "Yallaɓai, taɓa ciki. Taɓa kujerar direba ka ji inda take."

Tsohon ya cusa yatsa. Yatsan ya yi wa ƙofar girma. Ya laluba, ya dannu a jikin kujerar, ita kuwa an yi ta da kyau, ba ta san gardama ba. Ta zame baya sumul. Ƙas.

Manaja ya yi dariya har da tari. "Ka ji! Har ƙarar! Ga ta can baya inda kake kai ta, kana matse min gwiwa shekara ashirin. Kai, Dogo." Sai dariyar ta tsaya. Ya lalubo hannun Sitiyari ya riƙe, hawaye na bin gefen hancinsa. "Har wurin da ka buga ka saka. Ba ka ɓoye ba. Shekara nawa abin yana cin ka, bawan Allah? Ai da ka faɗa tun ranar da ba a yi haka ba. Ba komai. Na yafe maka. Wallahi na yafe maka, duniya da lahira."

Sitiyari ya buɗe baki. Shekara goma sha tara yana shirya abin da zai ce in an ce masa ba kai ba ne, bai taɓa shirya na wannan ba. Ya ɗaga kai ya dubi Auta. Auta ya ga kujerar tun tana gaba, ya ga madubin, ya ga koren, don fuskarsa ta nuna. A duk duniya mutum ɗaya ne ya karanta motar nan daga farko har ƙarshe, kuma shi ne wanda dama ya sani. Yana tsaye a bakin gado yana nazarin takalminsa. Wannan karon ma ba igiya a jiki.

Hannun tsohon yana cikin nasa, ba nauyi, kamar 'yar tsuntsuwa. Sai bakin Sitiyari ya yi abin da hannunsa ya yi a gareji, ya bi abin da ya saba.

"Na gode, Yallaɓai."

"A ajiye min ita nan kusa da filo," in ji Manaja. "Kada yara su taɓa."

Auta ya rako shi har bakin baƙin get. Ya yi gyaran murya sau biyu. "Baba Sitiyari, likita ya ce kada a tayar masa da hankali ko kaɗan. Ka gane ai." Ya sosa ƙeya. "Amma koren nan... ka same shi daidai. In sa direba ya kai ka gida?"

"Bar shi, ranka ya daɗe. Kada a buga a ce ni ne."

Ya hau bas da kwalin takalmi ba komai a ciki sai auduga, kuma har ya sauka bai daina kare shi daga gwiwar hannun mutane ba.

Tela na hango shi ya tsayar da keke. "Yaya? Ya gani?"

"Ya taɓa."

"Kujerar fa?"

"Tana aiki. Lafiya lau take aiki."

Tela ya dube shi da kyau. Ya ci gaba da taka kekensa a hankali, ba ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Matarsa tana tsaye a ƙofar ɗan ɗakin. "Baban yara, me ya ce?"

Sitiyari ya zauna, ya jawo kwandon shara da ƙafa, ya fara share murafen kore daga bakin taga, ɗaya bayan ɗaya, har da na ƙarshen, wanda ya yi daidai.

"An yafe min," ya ce.

Bayan sati uku Manaja ya rasu. Aka ce har ranar motar tana gefen filonsa, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin direbansa mai amana, da ya yi shekara goma sha tara kafin ya iya amsa laifinsa, amma ya amsa. Labarin ya zaga har gaban kanti. Wani mai jar mota ya sauke gilashi ya ce, "Baba, ashe kai ne? Allah ya ƙara mana irinku."

Sitiyari ya sa usur a baki, ya koma bayan motar, ya ɗaga hannu.

"Zo. Zo. Zo. Ya isa."